Sitod ɗin salansa ya karye a cikin tof silinda, yaya za a fitar da shi?

Toh Malam, in na fahimce ka daidai, Golf 3 ɗinka ce take ƙarar salansa da safe, yaron gareji ya zo kwance manifol, wato kan salansa da ke manne da inji, zai canja gaskit, sitod guda, wato ƙarfen nan mai tiredi mara kai da ake ɗaure manifol a kansa da noti, ya karye daidai da fuskar tof silinda, babu ko ɗan kan da filaya zata kama. Shi yaron yana cewa a kawo diril a huda, wani kuma yace maka ka shiga Ƙofar Ruwa ka sayo ekstirakta, wato ƙarfen da ake cusawa a ramin da aka huda a murɗo guntun, minti 5 an gama, kai kuma kana tsoron kar a kashe maka tof. Tsoronka a kan hanya yake, dan Allah kace ma yaron nan ya ajiye diril tukunna, ekstiraktar ma kar ka saya.

Abin da nake fara tambaya duk sanda aka kawo min irin wannan aikin shi ne, ta yaya ya karye? Wajen ɗaurewa ne ko wajen kwancewa, ko kuwa shi kaɗai ya karye mota na tafiya? Mutane suna ganin tambayar banza ce tunda dai ya riga ya karye, alhali amsarta ce take nuna maka kayan aikin da zaka ɗauka. Notin da ya karye wajen ɗaurewa, irin wanda yara suke sa dogon fayif a sifana su danne har yace ƙas, wannan guntun da ya rage a ciki ba abin da yake riƙe da shi, domin kan ne yake jan sa, kan kuma ya tafi. Sau da yawa da ɗan fanci da guduma kana bugun gefensa a karkace ta hannun kwancewa zaka ga ya juyo, wani ma da farce zaka ƙarasa shi. Amma wanda ya karye wajen kwancewa, wannan labarinsa daban, domin ƙarfen ya gwammace ya tsinke da ya motsa, kaga kenan abin da ke riƙe da shi a ciki ya fi ƙarfin jikin sitod ɗin gaba ɗaya mai kauri mili 8. Toh in mili 8 cikakke bai iya juya shi ba, ta yaya wani ɗan siririn ƙarfe da zaka cusa a ramin mili 4 zai juya shi? Naka a wannan layin yake.

Abin da ya riƙe shi kuwa ba ɓoyayye bane. Tof ɗin Golf alminiyom ne, sitod kuma ƙarfe, in ƙarfe da alminiyom suka daɗe a manne ga danshi ga zafi, wata farar tsatsa mai gari-gari take fitowa tsakanin haƙoran tiredi ta cike wurin tam. Ka ƙara da cewa alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda ƙarfe yake buɗewa, kullum a kunna mota ya buɗe a kashe ya tsuke, motar da aka ƙera tun shekarun 1990 ta sha gishirin titin Turai kafin ta iso Kwatano, ai ka san sitod ɗin nan ya gaji tun ba yau ba. Saboda haka kar ka ɗora ma yaron laifi da yawa, mai yiwuwa ma da tsagewarsa tun kafin ya taɓa shi. Ka duba wurin da ya karyen, in rabi baƙi ne rabi yana ƙyalli toh baƙin nan tsohuwar tsaga ce, ita ce ma take baka ƙarar nan ta tak-tak-tak da safe wadda take raguwa in inji ya ɗau zafi.

Maganin irin wannan walda ce. Ni a wurina ita ce ta farko ita ce ta biyu, diril sai an rasa yadda za a yi. Dalili kuwa walda aiki biyu take maka lokaci guda, tana baka sabon kai da sifana zata kama, sannan zafinta yana shiga cikin guntun kai tsaye, ya kumbura ya matse tsatsar nan ya farfasa ta, in ya huce ya koma ya ɗan saki. Ga wani abin daɗin, waldar ƙarfe bata kama alminiyom, ko ta zubo a gefe ɗan tabo kawai zata yi ka ɓamɓare ta, shi yasa aikin ya fi sauƙi a tof irin naka fiye da a bulok na ƙarfen kas inda sai mai walda ya kula kar ya haɗe su.

Yadda ake yi, a fara goge kan guntun har sai ƙarfe ya fito fari, babu mai babu tsatsa, in an riga an fesa masa WD-40 ko an zuba man birki a share shi tas domin walda bata zama a kan maiƙo, kuma feshin nan yana kama wuta. A samo washa mai kauri wadda raminta ya yi daidai da sitod ɗin ko ya ɗan fi shi ƙanƙanta, a ɗora, a yi walda ta tsakiya a haɗe ta da guntun. Sannan a ɗora noti babba a kan washar, na M10 ko M12 wato mai ramin mili 10 ko 12, a cike cikinsa da walda tun daga ƙasa. Kuskuren da masu walda da yawa suke yi shi ne su ɗora noti kai tsaye su cike shi, wutar sai ta riƙa tsalle tana kama bangon notin bata taɓa sitod ɗin ba, ka sa sifana noti ya fito shi kaɗai yana kyau abinsa. Washa ce take maganin wannan tunda bata da zurfi, kana ganin inda sandar take sauka. In guntun ya ɗan nutse ciki da mili 2 ko 3, sai a riƙa ɗiga walda kaɗan-kaɗan a kansa, a ɗiga a ƙwanƙwashe dattin a sake ɗigawa, har ya taso sama sannan a kawo washa. Sanda siririya ake so, geji 12 wato mili 2.5, in da hali a samo ta silba mara tsatsa irin 309 ko 312, tafi riƙo nesa ba kusa ba. Noti kuma a nemi baƙi, mai farin shafen nan hayaƙinsa ba kyau a shaƙa kuma yana ɓata walda, in shi kaɗai ake da shi a goge shafen da girenda.

Daga nan sai haƙuri, wurin da yawanci ake ɓata aikin kenan. Kar a sa sifana yana ja, a lokacin guntun a kumbure yake kuma waldar da taushi, murɗewa kawai zata yi. A bari jan ya tafi ya huce sosai har ka iya kusantar da hannu, wasu suna goga kyandir a gindin yana da sauran ɗumi domin kakin ya bi tiredi ya shiga, ba laifi, ni ma ina yi. Sai a ɗan bubbuga kan notin da ƙaramar guduma, a sa gajeriyar sifana, ba doguwa ba, a ɗan taɓa ta hannun ɗaurewa kaɗan sannan a dawo ta kwancewa. Da ka ji ya yi ɗan motsi ko da na gashi ɗaya ne toh ka ci nasara, kar ka yi zumuɗi ka zarce, gaba kaɗan baya kaɗan, ana fesa mai, kowane zuwa yana ƙara buɗewa har ya fito. In notin ya ɓalle ba komai bane, a sake wani, kowace walda ƙarin zafi ce take aika masa, sau da yawa a na biyu ko na uku yake sallamawa.

Kafin mai walda ya kunna injinsa akwai abubuwan da kai mai mota zaka tsaya a kai da kanka. A cire kan batir, in da hali a zare soket ɗin biren bos, wato kwamfutar mota. Wayar at ta injin waldarsa, wato wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfe, ya maƙala ta a jikin tof ɗin kusa da inda yake aiki, ba a bamba ko a shasi ba, domin in ya maƙala nesa wutar zata nemi hanya ta cikin wayoyin mota da boris, ka gyara sitod ka tashi da matsalar altaneta. A toshe ramukan da hayaƙi ke fitowa da jiƙaƙƙen tsumma kar tartsatsi ya faɗa kan bawul. A kuma duba tiyon fetur, Golf ɗin nan manifol ɗinta a bayan inji yake ta wajen bangon da ya raba inji da cikin mota, wurin a matse yake ga tiyo ga wayoyi, a rufe su, a ajiye ruwa ko yashi a kusa.

Wannan matsin wurin ma shi ne babban dalilin da yasa nace kar a huda a kan mota. Mai walda zai iya lanƙwasa sandarsa ya kai ta lungu, amma diril yana son ka tsaya daidai saitin ramin kana kallonsa, a bayan injin Golf kuwa a karkace zaka riƙe shi kana leƙe. Kuma bit ɗin diril ba shi da wayo, ga ƙarfe mai tauri a tsakiya ga alminiyom mai laushi a gefe, da ya ɗan zame zai bar ƙarfen ya bi alminiyom, kafin ka ankara ka yi sabon rami a gefen tsohon, guntun kuma yana nan zaune. Bayan ramukan nan akwai hanyar ruwa a cikin tof, in aka zarce ko aka karkace aka fasa ta sai kaga ruwan lagireto yana tsatsowa ta wurin sitod, garin gyaran gira an rasa ido kenan. In har ta kai ga huda, gara a sauke tof a kai shi kan tebur, kuɗin tof gaskit da sababbin notin tof bai kai kuɗin tof ɗin Beljiyom ba.

Masu cewa a gasa wurin da wutar kabaid irin ta masu fanalbita, zafi yana taimakawa gaskiya, amma a sani alminiyom ba ya yin ja kafin ya narke. Ƙarfe zai nuna maka ya yi ja ya yi ruwan lemo ka san inda kake, shi kuwa alminiyom yana nan da kalarsa har wajen digiri 660 kawai sai kaga wurin ya zauna. A kan manifol na kas ko flanjin salansa a gasa har ya yi ja ba damuwa, a kan tof a ɗumama kawai ana yawo da wutar.

Yanzu in walda ta ƙi, ko guntun ya nutse can ciki inda sanda bata kaiwa, ga yadda ake huda ta hankali. Duk aikin yana wurin samun tsakiya. A daidaita fuskar guntun in da hali, a sa santa fanci a buga ɗan tabo a hankali, a duba, in ya kauce a karkata fancin a koro shi tsakiya sannan a buga da ƙarfi. Dabarar da tafi wannan ita ce a mayar da manifol ɗin a ɗaure shi da sauran sitod, a samu ɗan guntun bututu wanda ya cika ramin manifol daidai kuma cikinsa ya yi daidai da ƙaramin bit, masu injin yankan ƙarfe zasu yanka maka shi nan take, irin waɗanda suke Panteka a Kaduna ko nan Ƙofar Ruwa, shi zai riƙe maka bit a tsakiya kuma a miƙe. A auna zurfin ramin da ke kusa da shi da ɗan tsinke, a naɗa salatif a jikin bit daidai wannan tsawon, kar a wuce. A fara da mili 3, a hankali, diril ba gudu ba, ana ɗiga baƙin mai, in kaga ƙarfe yana fitowa a nannaɗe toh yana ci, in gari yake fitarwa yana ƙara yana hayaƙi bit ɗin ya mutu, a canja, in aka ci gaba da gurzawa wurin taurara zai yi ya ƙi huduwa gaba ɗaya. Bit mai kobal ake nema, na kwali ɗaya dozin da ake sayarwa a baro na katako ne da langa-langa. Zaka ji lokacin da ya fasa ƙarshen guntun ya faɗa ɗan sararin da ke bayansa, nan zaka tsaya cak, ka fesa mai ta ramin ya jiƙa tiredin ta baya.

Akwai bit na hagu, wanda yake ci in diril yana juyawa baya. In ka samu ka saya ka ajiye, domin yana huda yana kwancewa ne, ga zafi ga girgiza, sau da yawa kana cikin huda zaka ga guntun ya biyo bit ya fito. In babu, a ci gaba da na dama ana ƙara girma, 3 zuwa 5 zuwa 6 zuwa 6.5, iyaka 6.8 ga M8 mai tiredi 1.25 irin naka. Ga M6 iyakar mili 5 ce, ga M10 mai tiredi 1.5 kuma 8.5. In an samu tsakiya da kyau, a wannan lokacin abin da ya rage na sitod ɗin siririn zare ne kawai kwance a cikin haƙoran tof, da tsinin allura ko ƙaramin fanci ake ɗago bakinsa a jawo shi da filaya. Sai a bi da taf M8, wato ƙarfen da ake yanka tiredi da shi, a share, da hannu, rabin juyi gaba a dawo baya kaɗan, ana sa kananzir ko mai, ana fito da shi ana goge dattin. Taf ma karyewa yake, kuma ya fi sitod taurin kai.

Ita ekstirakta da aka ce ka saya, bari in faɗa maka dalilin da yasa bana ƙaunarta a irin wannan wuri. Siffarta tsini ce a gaba kauri a baya, kana murɗa ta tana ƙara shiga, aikinta ɗaya da ƙarfen da masu faskare suke dasawa a gungume, buɗa guntun take tana ƙara manna shi da bangon ramin, wato abin da kake so ya saki shi take ƙara matsewa. Sannan an ƙona ta ta yi tauri sosai, abu mai tauri haka kuma ba ya lanƙwasa, ba zata baka alama ba sai dai ka ji ƙas. Daga nan ka shiga uku, domin bit ɗin da ya huda sitod ba zai ko karce ta ba. Wurin da take da amfani shi ne wancan na farko, notin da ya karye wajen ɗaurewa, ko ƙananan notin 10 na murfin bawul da ke zaune cikin mai, nan kam tana aiki, ita ma da hannu mai T ake juya ta ba sifana ta gefe ɗaya ba. Ni ko a nan ma na fi son in huda in buga bakin sukundireba mai tauraro a ramin, yana kamawa ba tare da ya buɗa guntun sosai ba.

In an riga an karya ta a ciki, ga wanda ya karanta wannan a makare, a koma walda dai, a yi a kanta da guntun gaba ɗaya, zafin yana rage mata tauri kuma sau tari tare suke fitowa. In ya ƙi sai ɗan dutsen kabaid mai ci da injin gudu, a cinye ta a hankali. Akwai kuma wata dabara ga ƙananan kaya na alminiyom zalla da za a iya cirewa, irin gidan tamostat, a narka alif ɗin nan da ake sa wa ruwa ya kwanta a ruwan zafi har ya ƙi narkewa, a tsoma kayan a bar shi da ɗumi, yana cin ƙarfe ya bar alminiyom. Sai dai yana ɗaukar awanni har kwanaki, kuma duk wani ƙarfe da ke jikin kayan shi ma ci zai yi, don haka ba a tsoma tof mai sit da gaid na bawul, waɗanda ƙarfe ne, a ciki, kuma ba a tukunyar ƙarfe ake yi ba.

In tiredin ya lalace wajen aikin ba ƙarshen tof bane. Helicoil ake sawa, kit ne da bit ɗinsa da taf ɗinsa da ɗan sifirin na silba, a buɗa ramin kaɗan a yanka sabon tiredi a murɗa sifirin ɗin ciki, ramin ya dawo M8 yadda yake, kuma a alminiyom ya kan fi na asali riƙo. Akwai mai kama da bututu, Time-Sert, ya fi tsada ya fi ƙarfi, irinsa ake so a wurin notin tof. Masu Camry Big Daddy mai injin 2.4 sun san zancen, injin 2AZ ɗin nan an san shi da zare tiredin notin tof na baya a cikin bulok, mota ta riƙa shan ruwa ana ta canja gaskit a banza. Abin da bana so shi ne a tura noti mai girma da ƙarfin tsiya ya yanka hanyarsa, ko a naɗa waya, ko a cika ramin da gam a dasa sitod, zafin salansa ba ya barin gam, sati biyu ka dawo. Haka masu cewa a bar shi haka sauran 7 sun isa, hayaƙin da zai riƙa tsira ta wurin a gindin gilashin gaba yake, yana shigowa cikin mota, kuma iskar da ke kisa a cikinsa bata da wari.

In Allah ya sa ya fito, kar a mayar da tsofaffin. Tunda ɗaya ya gaji sauran ma shekarunsu ɗaya, musamman na ƙarshe-ƙarshen nan biyu, a canja su da sababbi masu kyau da notin jan ƙarfe irin na salansa, kar a yanko dogon ƙarfe mai tiredi na masu gini a sa. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar manifol a haska ta baya, in haske yana wucewa ya banƙare, a kai a goge shi ya kwanta, in ba haka ba shi zai sake tsinke maka wani. A hure ramukan su bushe kafin a sa sitod, mai ko ruwa in ya taru a ramin da ba shi da mafita aka ɗaure a kansa yana iya tsaga wurin. A shafa ɗan man kofa, wato giris mai jan ƙarfe, a tiredi, a fara ɗaurewa daga tsakiya ana fita gefe, M8 wajen 25 Nm yake so, da tok renci, wato sifana mai auna ƙarfin ɗauri, in akwai, in babu toh gajeriyar sifana da hannu ɗaya, ba fayif. Bayan mota ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku ka koma garejin a sake bin notinan da sanyin safiya, gaskit sabo yana ɗan zama.